Wa Ya Ɓace Daga Sahu?

Ƴan'uwa, in na shiga masallacin unguwa, a Maraɗi ne ko a Damagaram, ba fenti ko lasifika nake dubawa ba. Tambayata guda ce: in dattijo ya kwana uku bai zo Asuba ba, wa ke zuwa ƙofar gidansa?

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ke share masallacin Annabi (SAW), wadda aka binne ba a sanar da shi ba. Da ya daina ganinta sai ya tambaya, ya je kabarinta ya yi mata salla.

A masallacinmu, matasa biyu liman ya ɗora wa wannan aiki. Asusun Juma'a kuwa, ko jaka biyar aka tara, kuɗin maganin majinyata ake fara cirewa kafin na lantarki.