Faifan Da Ya Ƙi Magana

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ban taɓa auna nauyin wannan magana ba sai a shekarar 2019, lokacin da Allah Ya yi wa yayana rasuwa a unguwar Sabo da ke Shagamu, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, da sito cike da huhunan goro, da kuma wani lissafi wanda babu wanda ya san yadda za a buɗe shi.

Yaya ya gaji fataucin goro ne daga mahaifinmu. Wanda duk ya san wannan sana'a ya san cewa amana ce jarinta. Mai gona zai kawo kaya daga ƙauye, a ƙirga, a ware marsa daban, ƙanana daban, a ɗaure cikin ganye, mota ta ɗauka zuwa Kano ko Sakkwato, shi kuwa ya koma gida hannu biyu, sai an sayar a biya shi. Mahaifinmu da ka yake riƙe wannan lissafi, sai ɗan littafin ajami da yake cusawa ƙarƙashin buzu. Yaya kuwa ya yi boko, saboda haka a 1998 ya sayo kwamfuta daga Legas, tare da wata manhaja ta lissafin ciniki da ta zo a faifai. Abokan sana'arsa suka yi ta yi masa dariya, suna cewa goro ya shiga jami'a. Bai kula su ba. Shekara 21 yana aiki da wannan manhaja ɗaya, bai taɓa sake ta ba, kuma kowace Juma'a bayan la'asar sai ya kwafe lissafin ya adana, da farko a ƙananan fayafai, daga baya a filas. Wata biyu kafin rasuwarsa, yana kwance, aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi, na'urar ta ƙone ƙurmus.

Bayan an share makoki, sai ga wani dattijo Bayarabe, manomin goro, ya yi sallama. Ya yi mana ta'aziyya, sa'an nan ya ce yana bin marigayi naira 340,000. Babu takarda, babu shaida. Da ya fita, babban ɗan Yaya ya dube ni ya ce, "Baffa, yanzu kowa ya ji an mutu sai ya tuno bashi." Wasu suka goyi bayansa, wasu suka ce kada a ɗora wa mamaci nauyi a kabari. Malamin da muka kira don rabon gado ya ce ba zai taɓa ko kwabo ba sai an warware wannan, domin Suratun Nisa'i ta gabatar da bashi da wasiyya a kan rabon magada. Gida ya ɗauki zafi, har matan biyu suka daina cin abinci tare. Da yake ni ne ƙanin marigayi, kuma malamin makaranta, sai aka ɗora mini neman gaskiya, kamar alli da allo sun koya mini sirrin na'ura.

Filas ɗin yana nan, kuma lissafin Juma'ar ƙarshe yana ciki. Amma duk manhajar da muka gwada ta ƙi buɗe shi, sai dai ta zubo mana da wasu alamomi kamar kaza ta yi tsere a kan takarda. Ashe ɗaki ne wanda mabuɗinsa guda ɗaya tak, wato manhajar da ta rubuta shi. Muka yi ta bincike har muka sami faifan a cikin akwatin ƙarfe, tsakanin takardun fili da fasfon aikin Hajji. Na yi hamdala, a zatona an gama. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mataimakiyata a wannan aiki ita ce ɗiyar Yaya ta uku, wadda ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha. Matsala ta farko ita ce kwamfutarta ta hannu ba ta da ramin sa faifai ko kaɗan, don masu ƙera na'urori sun daɗe da daina sa shi a yawancinsu. Muka aro na waje, wanda ake jonawa da igiya. Muka sa faifai, ya yi gurnani, ya juya, ya yi tsit. Na zauna ina jiran hoton nan da nakan gani yana fitowa da kansa a shagon Yaya. Yarinyar ta ce, "Baffa, ba zai fito ba." Ta bayyana mini cewa tun zamanin Windows 95 akan sa wani ɗan fayil a faifai mai suna autorun.inf, wanda aikinsa shi ne ya gaya wa na'ura abin da za ta buɗe da zarar an rufe murfi. Da ɓata-gari suka mayar da wannan ƙofa hanyar yaɗa cutar kwamfuta, sai aka yi ta ƙuntata ta, har ya zama ba kullum na'ura ke yi mata biyayya ba. Don haka muka shiga cikin faifan da kanmu, muka nemo fayil mai suna setup.exe, wato ɗan dakon da zai kwashe manhaja daga faifai ya jera ta a cikin na'ura. Na danna shi sau biyu da bisimilla. Wani ɗan allo ya fito da Turanci, yana cewa wannan abu ba zai yi aiki a wannan kwamfuta ba. Bai faɗi dalili ba.

Na ciro faifan na duba, na ga ƙura da shatin yatsu. Na kama bakin rigata na fara goge shi a kewaye, yadda ake wanke faranti. Sai da yarinyar ta riƙe mini hannu. A nan na koyi darasin da ba zan manta ba. Wannan faifai mai faɗin santimita 12 da kaurin milimita 1.2, rubutunsa layi ɗaya ne siriri wanda ya faro daga tsakiya yana nannaɗewa kamar faifan kaba har zuwa baki, kuma wani ɗan haske ne ke bin layin yana karantawa. Idan ƙarzuwa ta gitta layin, kaɗan take ci a kowane zagaye, na'ura kuma tana da dabarar cike gurbin. Idan kuwa ta bi layin a kewaye, to ta share dogon zango, babu mai iya cike shi. Saboda haka daga tsakiya zuwa baki ake gogewa, a miƙe, da ƙyalle mai laushi. Bugu da ƙari, fuskar da ake rubuta suna a kai ita ce ta fi haɗari, don rubutun yana dab da ita, fenti ne kawai ya raba su. Ni kuwa da ita nake kifa faifai a kan tebur, wai ina kare ɗaya fuskar.

Da muka goge, sai ta ce mu kwashe duk abin da ke faifan mu zuba a cikin na'ura, mu tayar da ɗan dakon daga can. Dabara ce mai amfani biyu: in faifai ne ke da ciwo, kwafewar za ta tsaya daidai wurin ciwon. Haka kuwa aka yi. Ana cikin tafiya sai ta cije a kan wani babban fayil, injin ya yi ta kuka kamar tsohuwar mota a hawan dutse, daga bisani ya ba da haƙuri. Sau huɗu muna gwadawa. A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina tunanin cewa ko da bakin rigata na binne gaskiyar Yaya.

Washegari muka je shagon wani mai buga takardu, muka roƙe shi ya gwada a babbar kwamfutarsa ta tebur. Ashe injunan karanta faifai ma ido ne da su, wani ya fi wani gani. Nasa ya yi jinkiri a wurin nan, ya koma baya, ya sake, sa'an nan ya wuce. Muka fito da cikakken kwafi a filas, ina jin kamar an yi mini bushara. Muka koma gida, muka danna. Allon nan dai ya sake fitowa da maganarsa ta jiya, ko wasali bai canza ba. Yarinyar ta ba shi izinin mai gida, wato ikon shugaban na'ura, ya ƙi. Ta sa na'urar ta yi shigar burtu, ta nuna masa kamar ita tsohuwar Windows 98 ce, ya ƙi. Ta kashe mai gadin ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, ko shi ne ke tare hanya, nan ma shiru. Ta dube ni idonta ya kawo ruwa ta ce, "Baffa, iyakar sanina ke nan."

Saura kwana uku dattijon ya dawo. Babban ɗan Yaya ya fara cewa a ba shi rabi a sallame shi. Na ce in yana bin mu, rabi zalunci ne; in ba ya bin mu, rabin ma haƙƙin marayu ne. Matambayi ba ya ɓata, don haka na hau mota zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Samari uku suka duba, kowa ya ce in jefar da wannan in sayi sabuwar manhaja. Na huɗu ne ya nuna mini wani rumfa a lungu, inda na tarar da wani mai furfura yana cin gasasshiyar masara a tsakiyar gawawwakin na'urori. Ya karɓi faifan, ya dubi shekarar da ke jikinsa, bai ko sa shi a inji ba ya yi murmushi.

Ya ce, "Malam, faifanka lafiyarsa ƙalau. Yare ne ya raba su." Ya yi mini bayani da haƙuri. Manhajojin zamanin Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, da tsarin bit 16 aka rubuta su. Da aka koma bit 32, kamfanoni da yawa sun sabunta manhajarsu, amma suka bar ɗan dakon a tsohon yarensa, tun da a lokacin akwai tafinta a cikin Windows mai fassara masa. Windows mai bit 64, irin wadda ke kan na'urar 'yarmu, ba ta zo da wannan tafinta ba. Don haka ko sau dubu aka goge faifai, ko wane izini aka bayar, kurma ne ake yi wa magana. Ya ce hanya biyu ce: ko a gina tsohuwar Windows a cikin sabuwa, kamar ɗaki a cikin ɗaki, ko kuwa a nemo tsohuwar na'ura. Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata mai Windows XP, wadda ta fito a 2001 aka kuma daina kula da ita a 2014. Ya hure mata ƙura, ya sake mata ɗan batirin agogo, ya gyara kwanan wata, ya gargaɗe ni kada in kuskura in jona ta da intanet. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ya sa faifai. Kafin in gyara zama, sai ga shuɗin allon nan da na saba gani a shagon Yaya, har ƙamshin ganyen goro na ji a hancina. Amma tafiya ba ta yi nisa ba ya tsaya yana neman lambar shaidar saye. Gabana ya faɗi. Mai gyaran ya ce in duba gidan faifan. Na zaro takardar da ke ciki, na juya bayanta, sai ga lambar da hannun Yaya, da jan biro, a ƙarƙashinta kuma ya rubuta da ajami cewa kada a yar. Na daɗe ina kallon rubutun nan kafin in iya karanto lambobin.

Lissafi ya buɗe. Na nemo sunan dattijon. Yaya ya rubuta kaya uku da ya karɓa daga gare shi, da biya ɗaya, abin da ya rage kuwa naira 385,000 ne. Wato mutumin da muka zarga da ƙarya rage wa kansa ya yi. Da ya dawo na nuna masa takardar da muka buga, sai ya ce ya sani, huhu guda ya iso Kano da tsutsa, shi ya sa ya cire kuɗinsa, ko da yake marigayi ya ce ba laifinsa ba ne. Babban ɗan Yaya ya sunkuyar da kai, ya tashi da kansa ya ɗauko masa ruwa. Mun biya shi yadda Yaya ya rubuta, bayan doguwar jayayya wadda a wannan karon kowa ƙoƙarin barin wa ɗan'uwansa yake yi. Mun kuma sami wasu mutum biyu da marigayi ke riƙe da kuɗinsu waɗanda ko zuwa ba su yi ba, muka aika musu. A mako na gaba aka raba gado lami lafiya.

Mai karatu, in wata rana faifai ya ƙi yi maka magana, kada ka yi gaggawar yanke masa hukunci yadda muka yi wa dattijon nan. Ka buɗe shi da hannunka, ka goge shi daga tsakiya zuwa baki, ka kwafe shi, ka gwada wani injin, sa'an nan ka tambayi shekarunsa da na na'urarka. Abin da ya fi wannan kuwa, kada ka bar amanar mutane a ɗakin da mabuɗinsa ɗaya ne. Littafin ajamin mahaifinmu har gobe ina iya karanta shi da fitilar hannu, alhali lissafin Yaya sai da na je Ikeja. Tun daga ranar na buga komai a takarda, kwafi uku, na raba wa gidaje uku. Faifan kuwa na mayar da shi akwatin ƙarfe, kusa da fasfon. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta, mu kuma Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu tun muna da baki.