Ummi, ga maganar jini

Ummi,

Za ki tarar da wannan takarda a ƙasan akwatinki bayan kin isa makaranta. Baki da baki ba za ki tsaya ki ji ba, sai ki ce "Lafiyata ƙalau, Mama."

Zurfin cikin nan naki ne ke hana ni barci. Kina da dauriya, ba ki son a ce kin gaza, kuma a wurina kika ɗauko. Ina da cikin ƙaninki jiri ke ɗibata a bakin murhu, ina ta cin farar ƙasa, ban gaya wa kowa ba, ashe ƙarancin jini ne. Kina kallo, kika ɗauka haka mace take.

Jini ba ya ƙaranci haka kawai. Ko jiki ya rasa abin haɗa shi, ko yana zuba, ko wani abu na farfasa shi. Jar ƙwayar jini kan yi kwana 120 kafin ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa, shi kuwa ɓargo sai da sinadarin ƙarfe yake wannan aiki. Ga al'ada duk wata tana tafiya da nata kason. In ta wuce kwana 7, ko tana zuwa da gudaji, ki ajiye kunya ki faɗa. Zazzaɓin cizon sauro cikin ƙwayoyin yake shiga ya fasa su, don haka ki ɗaura gidan sauronki kullum, ko da ana zafi. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta ƙafa in ana yawo ba takalmi, ta je hanji tana tsotso. Tsargiya kuma a wankan kududdufi ake ɗaukarta, a fitsari take fitar da jini.

Ki riƙa jawo fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi. In cikin ya yi fari, ko bokiti ɗaya ya sa ki haki da bugun zuciya, ki je a auna, a nemo dalili. Ƙawayenki za su ce ki sha lemon malt da madarar gwangwani. Madara ba ta da wani ƙarfen kirki. Ki ci wake da alayyahu, hanta in ta samu, ki bi da lemon zaƙi. Shayi ki ba shi tazara da abinci, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen.

Sai magana mai nauyi. Ke AS ce, kamar babanki. Wannan ba ciwo ba ne, amma in kika auri AS, kowane ciki kashi 1 cikin 4 ne ya zo da sikila. Ranar da wani ya fito, a yi gwaji tun zance bai yi nisa ba, kuma ni zan fara tambaya.

Babanki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki