Akwatin Kawu da Zakin Fijo

Ni na rabar da takardun Kawu, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Bayan rasuwarsa aka ce in share ɗakinsa a Bunkure. Na tarar da akwatin ƙarfe maƙare da kalandun Fijo, da littafin da ake bai wa mai sabuwar mota, da takardun talla masu sheƙi na 404 da 504, da tarin rasiɗai. Takardun na miƙa wa mai ƙosan bakin layi. Zakin nan na gaban mota kuwa na haɗa shi da wata tsohuwar kafireto, 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli. A ganina tallar kamfani ce kawai, motar ma ai an daɗe da sayar da ita.

Da na tsaya na yi tunani, da na gane dalilin da dattijo zai adana hoton mota. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ruwa ya biyo kanal ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Tare suka shigo rayuwar mutanenmu. Manomin da a da yake tafiya cin rani da zarar an gama girbi, sai ya zauna gida yana noman alkama da tumatir. Shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa, ko a kai shi kasuwa ko ya ruɓe a kwando. Nan a-kori-kura 404 ta samu aiki, nan Kawu ya samu abin riƙe gida. Ita 504 ta manyan ma'aikata ce, ita gwamnatin Obasanjo ta mayar motar ofis bayan kisan Murtala a 1976. Hotonta kaɗai Kawu ya mallaka.

Ana cikin shirin rabon gado Inna ta kira ni.

"Ɗan nan, ina akwatin Malam?"

"Na tarkacen takardun nan, Inna? Ai na zubar."

Ta yi salati, ta daɗe ba ta ce komai ba. Ashe a bayan kowane shafin kalanda Kawu na rubutu da ajami: kwando nawa ya ɗauka, daga gonar wa, nawa aka biya, wa ya ce sai an sayar. Har ranar da sifirin ya karye da abin da bakanike ya karɓa. Ni ɗan boko na ga rubutun, na ɗauka addu'o'i ne ko lissafin banza, girman kai ya hana ni kai wa wanda ya iya karantawa. Kuma ko da takardun wofi ne, kayan magada ne, ni kuwa ba na cikinsu. Tambaya ɗaya da na yi wa Inna da ta wadatar.

Na ruga wurin mai ƙosai. 'Yan shafuka na samo, duk sun sha mai.

Daga baya na ji cewa a garin Sochaux na Faransa Peugeot na da gidan tarihi tun 1988, kuma Turawa na sayen irin waɗannan takardu a intanet. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Nasu sha'awa ce. Namu bashin mamaci ne a rubuce.

Kuɗin gwangwan na mayar cikin gado, na nemi gafarar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Liman ya sake yin cigiya a masallaci, duk mai wata hulɗar kuɗi da marigayi ya zo. Masu bin Kawu bashi sun zo, an biya su a kan maganarsu. Waɗanda yake bi kuwa, har yau muna gaisawa da wasunsu a kasuwa.