Adon Kaka: Abin da Gona Ta Bari, Hannu Ya Gyara

 

Duk wanda ya taɓa yin Oktoba da Nuwamba a arewacin Amurka ya san yadda gari yake sauya kama. Sanyi ya fara shigowa, yini ya gajarta, ganyen bishiyoyi ya bar kore ya koma rawaya da ja da ruwan goro, daga nan ya zube ya lulluɓe hanya. Sinadarin da ke ba ganye launin kore ne yake janyewa idan hasken rana ya ragu, sai rawayar da ya danne ta fito fili, wasu itatuwan kuma su ƙara da ja jawur. Kakarsu ke nan. A lokacin suke girbe masara da kabewa da tuffa, kuma a lokacin bukukuwansu suke jeruwa.

Babba a ciki shi ne wanda suke kira Thanksgiving, wato Ranar Godiya. A Kanada ana yin sa ranar Litinin ta biyu a watan Oktoba, a Amurka kuwa ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Amurkawa sukan danganta asalinsa da wata walima da aka yi a Plymouth a 1621, tsakanin Turawan Ingila da suka yi ƙaura da mutanen Wampanoag, 'yan ƙasa na asali da suka koya musu noman masara. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, sannan majalisar dokoki ta tsayar da ita a kan Alhamis ta huɗu a 1941. Adalci ne kuma a faɗi cewa ba kowa ke murna ba. Tun 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan rana don juyayin ƙasa da rayukan da kakanninsu suka rasa.

Ba kiran kowa nake yi ya ɗauki bikin wasu ba. Abin da ya ja hankalina a zamana cikinsu shi ne yadda gidajen da suka riƙe tsohuwar al'ada suke ƙawata teburin cin abinci da abin da gona da daji suka bari, da hannunsu, tare da 'ya'yansu, ba tare da kashe kuɗin a zo a gani ba.

Mu fara da ganye, tunda shi ne ba a saya. Yara su fita da kwando su tsinto masu kyau, musamman na bishiyar nan da ganyenta yake jikin tutar Kanada. A goge su, a jera tsakanin takardu, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar su mako ɗaya zuwa biyu. Idan suka bushe a miƙe, wasu a zura su a zare a rataye a bakin taga, wasu a watsa su a tsakiyar tebur, wasu kuma a rubuta sunan baƙo a jiki a ajiye gaban kujerarsa. Baƙo ya zo ya tarar da sunansa da rubutun yaro ɗan firamare, nan take ya san an yi tanadin zuwansa.

Sai kabewa. Ƙanana ana jera su haka nan, da busasshiyar masara mai ƙwayoyi kala-kala, ja da baƙi da fari a jikin goyo ɗaya. Matsakaiciya kuwa sai a yanke samanta, a kwashe 'ya'yan, a zura kwalba mai ruwa a ciki, a soka furanni ko rassa. Kwalbar ce sirrin, don in aka zuba ruwa kai tsaye a cikin kabewa, nan da nan za ta ruɓe. 'Ya'yan kuma ba a zubarwa, a wanke, a barbaɗa gishiri, a gasa. Akwai masu yanka lemo siriri-siriri su busar a tanda da wuta kaɗan na wasu sa'o'i, su haɗa da sandunan kirfa su ɗaure a jikin kwalbar kyandir, ɗaki ya ɗauki ƙamshi. Sai dai a kiyaye, busasshen ganye da wuta ba sa ga maciji, kada a bar kyandir kusa da su ko inda hannun yaro zai kai.

Wanda ya fi shiga raina shi ne 'yar tsana ta ɓawon masara. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta zaunar da yarana ta nuna musu. Ta jiƙa busasshen ɓawon a ruwan ɗumi har ya yi laushi, ta tsame ta shanya a kan tsumma. Ta haɗa huɗu ta ɗaure su ta sama da zare, ta juyo da su suka rufe ƙullin, ta sake ɗaurewa ƙasa kaɗan, kai ya fito. Ta naɗe wani ɓawon kamar tabarma ta ɗaure bakinsa biyu, ta zura shi ta ƙarƙashin wuya, hannuwa suka samu. Ta ɗaure ƙugu, ta daidaita ƙasan da almakashi ya zama zani. Yatsunta na rawa saboda tsufa, amma ƙulli ɗaya bai kuɓuce mata ba. Ƙaramar 'yata ta ɗauko alƙalami za ta zana ido, dattijuwar ta dafa hannunta ta ce a bar ta haka. Ta gaya musu cewa mutanen Haudenosaunee, 'yan asalin yankin New York, ba sa yi wa irin wannan 'yar tsana fuska, kuma suna ba 'ya'yansu labarin wata da kyawunta ya ruɗe ta har ta manta da aikin da aka sa ta, sai aka ɗauke mata fuskar. Da ɓawon da za a watsar aka yi abin wasa, aka yi adon tebur, aka kuma koyar da tawali'u a zama ɗaya.

A makarantu ma haka ne. Yaro ya ɗora tafin hannunsa a takarda ya zagaye da fensir, babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran huɗun su zama gashin jela, tunda talotalo ne naman ranar. Wasu gidajen kuma sukan soka busasshen reshe a tulu, a yanka takardu da siffar ganye, kowa ya rubuta abin da yake godiya a kai ya rataya. Kafin a sa hannu a abinci sai a karanta. Za ka ji yaro ya rubuta lafiyar kakarsa, wani ya rubuta sabon aboki, uba ya rubuta aikin da ya samu bayan dogon nema.

Abin takaici, kasuwa ta shigo cikin wannan ma. Tun zafi bai wuce ba manyan shaguna suke cika da kabewar roba da ganyen leda da furen da ba ya bushewa. A saya, a yi hoto, a tura a shara ko a cusa a kwali. Kabewar gaske ma, wadda ake sassaƙa wa fuska don daren Halowin na 31 ga Oktoba, da yawanta a bola take ƙarewa, alhali abinci ce. Duk lokacin da na ga an jibge su a bakin titi sai zuciyata ta sosu, don na san tukunyar miyar taushe nawa ke cikin guda ɗaya. A gidana kabewar da ta yi ado ba a fasa ta ba, tukunya ce makomarta.

Kuma akwai zumunci tsakanin gonarsu da tamu. Masara da kabewa daga nahiyar Amurka suka fito, suka iso Afirka bayan da jiragen ruwan Turawa suka haɗa nahiyoyin. Duma kuwa, uwar ƙwarya da masaki da ludayi, asalinta Afirka ne. Mu ma muna da kaka, a kusan watannin nan, lokacin da ake yankan gero da dawa, a ɗaure dami, a cika rumbu, a fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar. Godiyarmu a aikace take, kuma lokacin ne ake ɗaura aure, ake dambe da kokawa da kalankuwa.

Kayan adon da kakarmu take bari ba su da iyaka. Akwai zangarniyar gero da jar dawa, da busasshen zoɓo, da goruba, da 'ya'yan kuka, da kaba, da kara. Waɗanda suka tashi a ƙauye ko a gefen gari sun san motar kara: a feƙe ɓawon kara siriri, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da tayoyinta, ko tabarau, ko keji. Babu wanda ya saya wa yaro, ɗan uwansa ne ya koya masa a gindin bishiya. Iyayenmu mata suna saƙa faifai mai launi a tsakar gida suna hira, su rufe ƙwaryar fura da shi. Jeren ɗakin amarya kansa ado ne da aka yi da ƙwarya da tasa da faifai. Yau ka shiga gidaje da yawa, furen roba ne ya yi ƙura a kan tebur, yara kuma kowa ya duƙufa a kan waya. Mai saƙar faifai tana nan, mai zanen ƙwarya yana nan, ka shiga Kasuwar Kurmi a Kano za ka same su, amma mu ne muka rage tsayawa a gabansu.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci, wa ke ta ado? Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, kuma shi ya sa wannan ya dace da mu, domin ba ya cin ko sisi. Wani kuma zai ce mu a tabarma muke ci, ba a tebur ba. To, tabarmar ma ana ƙawata ta. A shimfiɗa ƙyallen rini na Ƙofar Mata ko saƙi a tsakiya, a ɗora ƙwarya mai zane a cika ta da goruba da dabino, a soka zangarniya uku a ƙaramin tulu, a jera faya-fayai a ƙarƙashin kwanuka. Baƙon da ya zauna a nan ya san an girmama shi tun kafin a buɗe kwano.

Ribar da ta fi adon ita ce zaman. Yaron da ya yi awa guda yana ƙulla ɓawon masara kusa da uwarsa ya koyi haƙuri, ya koyi cewa hannunsa na iya yin abu, ya kuma san daga ina abincinsa ya fito. Da yawa daga yaranmu na birni ba su taɓa riƙe zangarniyar gero ba, ga shi kullum suna shan kunu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya san wahalar da ke bayan ƙwayar hatsi ba zai yi wasa da tuwo ba.

Don haka ga roƙona, iyaye mata da maza, na gida da na ƙetare. Kakar bana, idan za a kawo muku hatsi daga ƙauye, ku ce a haɗo da ɗan kara da zangarniya. Ku ware yammaci ɗaya, ku ajiye waya, ku zauna da yara a tsakar gida. Wanda ya iya motar kara ya koya musu, wadda ta iya saƙa ta nuna musu, in kuma akwai tsohuwa a gidan, a tambaye ta tun tana da ƙarfin nunawa. Idan za ku sayi abin ado, ku fara da na mai sana'ar hannu na unguwarku, kuma kada ku taya shi da wulaƙanci. Wanda ya gwada ya ɗauki hoto ya ajiye mana a ƙasan wannan rubutu, mu gani mu koya.

Allah Ya sa albarka a abin da aka girbe, Ya ƙara wa manomanmu lafiya da zaman lafiya, Ya sa mu cikin bayinSa masu godiya. Amin.