Kwana Ɗaya a Gindin Dutse

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya san abin da hakan yake nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wannan yaron", har na yi aure na haifi 'ya'ya uku. Hirarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar iyali. Don haka mai karatu zai iya kwatanta mamakina ranar da na je gida daga Kano a watan Disamba na 2016, bayan sallar Isha ya aiko a kira ni zaure, ya ce, "Gobe za ka kai ni gonar dutse. A can za mu kwana."

Gonar dutse ita ce ta kakanmu, can wajen Roni, wadda aka raba tsakanin Baba da ƙanensa marigayi Baffa. Ni kuwa tuni na fara maganar sayar da kasonmu a ɓoye, don aikin gwamnati ya ɗauke ni, ƙannena kuma babu mai son fartanya. Na ɗauka labarin ne ya kai kunnensa.

Da safe na ɗauko wani ɗan tanti da na taɓa saya a gwanjo, ya daɗe a bayan mota ban san ranar amfaninsa ba. Baba ya dube shi ya ce, "Mina za mu?" Shi tabarma ya naɗe, da bargo, da buta, da tocila, Inna ta ƙulla mana fura da ƙuli-ƙuli. Mota ta kai mu inda za ta iya, muka bar ta a ƙofar gidan wani mai unguwa, sauran hanyar a ƙafa. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya yana gaba da sanda, ni ina baya ina haki kamar wanda ya yi tsere.

Mutanen birni da ke wucewa ta hanyar Kano zuwa Daura suna hango duwatsun nan ta gilashi su wuce, amma su ne dalilin garin. Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar a 1819, ya sha gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ɗansa Dambo kuwa cikin duwatsun ya kafa hedikwatarsa, inda dawakin abokan gaba ba sa sakewa. Baba ya san wannan tarihi ciki da bai, ya kuma yi ta zuba mini shi a hanya. Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon haka ba. Daga baya na gane kewaye-kewaye yake yi.

Muka sauka a gindin wata tsamiya, dutse ya tare mana iska ta gabas. Na shafe kusan rabin awa ina kokawa da tantin nan, shi ko ya tara kara da busassun rassa ya hura wuta, ya ja ni sallar Magariba. Sanyin hunturu a cikin dutse daban yake da na gari, har cikin ƙashi yake shiga. Na roƙe shi ya shiga tantin, ya ce shi ba zai kwana a buhu ba.

Sai da dare ya raba, wuta ta koma garwashi, sannan ya yi magana, bai dube ni ba.

"Shekarar fari, 1973, Baffanka ya tafi Kurmi neman abin da za a ci. Ka ga jerin gambar can? Ba nan take ba. Ni na tuge ta, na matsar da ita taki ashirin cikin gonarsa. Wajen ya fi riƙe ruwa."

Na rasa abin cewa. Wannan fa mutumin da ake kira ya raba gardamar iyaka ne a unguwarmu.

"Bayan shekara bakwai ya dawo. Muka zo nan tare, ya tsaya ya dubi gambar, ya dube ni, ya ce, 'Yaya, gona ta yi kyau.' Har ya koma ga Allah bai ƙara cewa komai ba. Da ya yi mini faɗa da tuni na mayar."

Ya ce ya san ina neman mai saye, kuma ba zai hana ni ba, amma kada in sayar da abin da ba namu ba. Wallahi a lokacin haushi na fara ji kafin tausayi, don taki ashirin ɗin nan su ne idon gonar, in babu su kuɗin da aka taya mini sai ya zube. Ban ɓoye wa kaina wannan ba, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba. Ban shiga tantin ba daren nan. Na zauna ina ƙara kara a wuta, shi ya ja bargo ya yi barcinsa har da minshari.

Da asuba bayan mun yi salla ya kama sandarsa ya auna takin da kansa, yana ƙirgawa a fili, ni ina bin sa ina jera duwatsu a inda ya nuna.

Allah ya yi masa rasuwa a 2018. Kafin nan, cikin satin da muka dawo, ya tura ni wurin babban ɗan Baffa, don shi ya ce ba zai iya haɗa ido da shi ba. Na same shi a rumfarsa a kasuwar Kazaure, na yi ta inda-inda har na kai ƙarshe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai mun sani. Tun muna yara Baba ya nuna mana wurin, ya ce duk wanda ya tayar da maganar bai yafe masa ba."

Da damina ta faɗi muka je mu biyu muka dasa gambar a kan layin duwatsun. Kasonmu yana nan ban sayar ba, shi yake noma mana shi.