Kyamarar Teku da Injin Motar Kawu

Daga ɗan kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare



Duk ɗan kulob ɗinmu ya san kukan da ake yi a kowane taro: ba mu da kyamara. In za a yi muhawara ko wasan ƙwallo, sai an aro wayar Malam, wani lokaci kuma babu caji. Wasu har sun rage zuwa taro saboda haka. Shi ya sa a wannan makon nake so in ba ku labarin kyamara iri biyu. Ɗaya ta masu kuɗi ce, ana shiga teku da ita. Ɗayar kuma wayar yayana ce mai tsagaggen gilashi, wadda ta yi aiki a garejin kanikawa a nan Batsari cikin hutun da ya wuce.

Kafin a ba da hutu, malaminmu na kulob ya nuna mana wani hoto. Mutum ne tsaye cikin iska a saman teku, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ga wani dogon allo tsaye a gefensa, an ɗaure shi da ƙafarsa. Muka yi ta musu, wasu suka ce haɗin kwamfuta ne. Malam ya ce hoton gaske ne. Sunan mutumin Gabriel Medina, ɗan ƙasar Burazil, kuma an ɗauki hoton ranar 29 ga Yuli, 2024, a gasar Olamfik ta Faris. Wasan da yake yi shi ne hawan igiyar ruwa, wato mutum ya tsaya a kan allo, igiyar teku ta kwashe shi da gudu, shi kuma yana sarrafa allon da ƙafafunsa. An kai wasan tsibirin Tahiti, fiye da kilomita 15,000 daga Faris, don can ne ake samun manyan igiyoyi. Wanda ya ɗauki hoton shi ne Jérôme Brouillet na kamfanin dillancin labarai na AFP, kuma daga cikin jirgin ruwa ya ɗauka.

Daga nan Malam ya yi mana bayanin kayan aikin masu irin wannan hoto. Wanda yake tsaye a bakin teku yana amfani da doguwar kwalabar kyamara mai jawo nesa kusa, tsawonta ya kusa na tabaryar yara, ga nauyi, sai an ɗora ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Wanda zai shiga ruwan kuwa, sai ya sa kyamarar cikin wani akwati da ruwa ba ya shiga, ya sa takalmin iyo mai faɗi kamar ƙafar agwagwa, wani ma har da hular kwano saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa. Idon kyamarar yana buɗewa ya rufe cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, shi ya sa ake ganin ɗigon ruwa tsaye cak a hoton. Abin da ya ba mu dariya shi ne wasu suna shafa miyau a gilashin akwatin don kada ruwa ya tsaya masa ɗigo-ɗigo. In sun fito kuma sai sun wanke komai da ruwan daɗi, don gishirin teku yana cin ƙarfe. Har kyamarar GoPro da ake ɗaurawa a hula, dalilin wannan wasa aka ƙirƙiro ta. Wani Ba'amurke, Nick Woodman, ya kafa kamfanin a 2002 don yana son hoton kansa yana kan igiya. A ƙasarmu ma akwai matasa masu hawan igiya a Tarkwa Bay da ke Legas.

Amma abin da ya fi zama a kaina shi ne maganar wani ɗan zoben roba. A bakin murfin akwatin nan akwai zoben roba siriri, shi yake tare ruwa. Kafin a shiga teku sai an cire shi, an goge, an shafa masa mai, an duba shi da kyau. In ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya ya kwanta a kansa, ruwa zai sulala ciki, kyamarar da ta fi mota tsada ta mutu.

Mu a Batsari ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rafi da damina da na kududdufi. Abin da muke da shi mai yawa ƙura ce, kuma ƙurar nan ta kusa raba gidanmu da abin da muke ci.

Kawuna direba ne. Yana da tsohuwar kanta, wato Mitsubishi Canter ƙirar Jafan, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita yake ɗaukar rogo da hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Batsari ranar Alhamis, wani lokaci ya wuce da kaya Katsina. Gida biyu suke ci daga motar nan, nasa da namu. Littattafaina da takalmin makarantata ma daga kuɗin lodi suka fito. Duk wanda ya san rogo ya san in an tone shi, kwana biyu ko uku ya fara baƙi. Mai rogo ba zai jira motar da ta lalace ba, wata zai kira. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Mun san halin da hanyoyinmu suke ciki, mu da muke kusa da dajin Rugu. In mota ta mutu wa direba a daji da la'asar sakaliya, ba maganar kuɗi ake yi ba. Duk ranar da Kawu ya yi yamma, Inna ba ta iya cin tuwo sai ta ji ƙarar motar.

Tun ƙarshen rani motar ta fara ciwo. Ba ta da ƙarfi a hawa, tana shan baƙin mai kamar ruwa, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Daga baya ta fara zafi, ruwan lagireto yana raguwa kullum. Ranar da Kawu ya zaro sandar awon mai ya ga man ya yi fari-fari kamar koko, sai ya ajiye ta. Masu sayen tsohon ƙarfe har sun zo sun taya. Kawu bai ce komai ba, amma kwana biyu bai fita majalisa ba.

Wani dattijon bakanike, abokinsa, wanda muke kira Baba, shi ya ce kada a sayar, da tsohuwar zuma ake magani. Matsalar ita ce yaransa biyu sun tafi ci-rani, idonsa kuma ya fara rauni. Da yake an ba mu hutu, sai aka ce in riƙa zuwa ina miƙa sifana. Yaya ya ba ni aron wayarsa don Inna ta riƙa kira.

Kanta injinta a ƙarƙashin mazaunin direba yake, sai an ɗage kan motar gaba ɗaya ya kife gaba. Da aka ɗage na ga tiyo-tiyo da wayoyi da bututun ƙarfe sun sarƙe kamar saiwar rogo. Na ce a raina, in aka kwance wannan duka, wa zai tuna inda kowanne yake? Sai na ciro waya na fara ɗauka.

“Mi kake ɗauka, ɗan jarida?” in ji Baba.

Na ce, “Baba, hoton yadda suke ne kafin a kwance.”

Ya yi dariya ya ce shekara talatin kansa ne hotonsa. Amma bai hana ni ba. Duk abin da za a cire, in ɗauke shi a mazauninsa, in sake ɗauka bayan an cire. Notuna kuma muka riƙa zuba su cikin gwangwanayen madara, kowane sashe da gwangwaninsa.

A kwanakin nan na koyi abin da muka taɓo a darasin fasaha, amma da idona. Injin gas ba shi da fulogi irin na babur. Fistan yana jawo iska, ya matse ta sosai har ta yi zafin gaske, sai nozul ya feso gas, ya kama da wuta da kansa, ya tura fistan ƙasa, sannan hayaƙi ya fita. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙera irin wannan inji, ya yi aiki sosai a 1897, shi ya sa Turawa suke kiran man da sunansa. Baba ya koya mini karatun hayaƙi: baƙi, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi, inji yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri, galibi ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Da aka cire kan injin, sai ga gaskit ya ƙone a gefe ɗaya. Gaskit wani shimfiɗaɗɗen abu ne mai ramuka da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shi yake raba wuta da ruwa da mai, kowa ya bi hanyarsa. Ina ganinsa na tuna da zoben robar nan na masu hoton teku, aikinsu ɗaya ne. Ringin fistan ma sun cinye, bakinsu ya yi kaifi.

A nan wayar ta fara biyan kuɗin cajinta. Kawu ya taɓa sayen kayan gyara aka kawo ba daidai ba, sai da aka mayar, kuɗin mota ya tafi a banza. Wannan karon na goge lambar da ke jikin injin da tsumma, na haska ta daga gefe don rubutun ya fito, na ɗauka. Na shimfiɗa tsohon gaskit a kan farin kwali na ɗauke shi daga sama, duk ramukansa suna bayyane. Aka tura wa wani mai shago a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta WhatsApp. Kayan suka iso, aka gwada, suka zauna daram.

Sai dai Baba bai saki fuska ba. Ya ce ringi ba sa cinyewa haka kawai, akwai inda ƙura take shiga, in ba a gano ba sabbin ma ba za su yi shekara ba. Aka duba matatar iska, lafiyarta lau. Akwai wani babban tiyon roba da ke kai iska daga matatar zuwa inji, ya lanƙwasa ta wani lungu da kai ba ya shiga. Hannun Baba ya yi girma, nawa kuwa ya shiga. Na kunna fitilar waya, na danna bidiyo, na zura hannu ina juya ta a hankali. Muka zauna gindin dalbejiya muka kalla. A karo na biyu Baba ya ce, “Tsaya nan! Ƙaro girmanshi.” Ga tsaga a ƙasan tiyon, tsawonta bai fi ɗan yatsana ba, bakinta duk jar ƙura. Ta nan iskar da ba a tace ba take wucewa, ta shiga inji tana goge ƙarfe kamar ana wanke tukunya da yashi. Rani nawa ta yi tana haka, Allah kaɗai ya sani. Baba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, “Gani ya kori ji.”

Ni dai na san da Baba bai ce a nemi ƙofar ƙura ba, da ban san abin da zan ɗauka ba. Haka Malam ya gaya mana game da mai hoton Tahiti: ya daɗe yana zaune a tsibirin, ya san igiyar wurin, ya san yadda 'yan wasan suke tsalle a ƙarshenta, shi ya sa ya shirya kafin abin ya faru.

Ranar haɗawa, an ɗaure notunan kan inji daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, ana zagayawa, don gaskit ya kwanta daidai. Da aka zo kan wasu ƙananan tiyo biyu masu kama ɗaya, Baba ya tsaya, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Kawo hoton nan naka.” Aka fitar da iskar da ke cikin bututun gas, aka haɗa batir. Bugun farko ta yi tari. Na biyu ta yi tari. A na uku ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, can ya washe. Kawu ya zauna a kan tsohuwar taya yana ta hamdala.

Ga abin da na koya ga duk wanda zai ɗauki hoto da waya a garinmu. Ka goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin ka ɗauka, kada ka goge da riga mai ƙura, don tana karce gilashi. Ka juya wa rana baya. Ka matsa kusa da ƙafarka maimakon jawo hoton da yatsa. Ka riƙe waya da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jikinka. Da hunturu ka ajiye ta cikin leda. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, don Baba ma sai da ya gyara hularsa ya ce to.

Ina ba kulob shawara mu fara wani shafi a wannan allo na sana'o'in Batsari: maƙera, masu faci, masu tuyar rogo, masu gyaran injin ban-ruwa. Kowa ya je ya zauna da mai sana'a ya fahimci aikin tukuna, sannan ya ɗauko hoto ɗaya da bayani. Wanda kuma akwai mota ko babur ko injin niƙa a gidansu, ya gaya wa babansa ko yayansa a duba tiyon iska kafin hunturu ya shigo.

Motar Kawu ta yi Alhamis huɗu tana lodi, tana dawowa kafin magariba. Baba ya ce kulocinta ne na gaba, kuma ya riga ya gaya wa Yaya kada ya yi nisa da wayarsa in an ba mu hutu. Allah ya tsare direbobinmu a hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.