Ɗan Kallo Shi Ma Yana Da Aiki A Cikin Wasa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani irin wasa da na daɗe ina ƙauna, da abin da na fahimta sa'ad da Allah ya nufa na gan shi da idona. Na san waɗansu malamai za su ce me ya kawo zancen wasa a shafin da a ke tattauna al'amuran ilmi da zaman jama'a. Su yi mini haƙuri su kai ƙarshen takarda, sa'an nan su yanke hukunci.

Wasan da na ke nufi shi ne wasan kwaikwayo na ban dariya wanda a ke haɗawa da waƙa da rawa, watau ana cikin magana sai ɗan wasa ya ɓarke da waƙa, labari kuwa ya ci gaba a cikin waƙar. Waɗanda na fi so cikin masu wannan sana'a wata ƙungiya ce ta Amurka da a ke kira StarKid. Asalinsu 'yan makaranta ne a Jami'ar Mishigan. A cikin watan Afrilu na 2009 suka shirya wani wasa mai suna A Very Potter Musical, inda suka ɗauki labarin Harry Potter, yaron nan ɗan makarantar sihiri wanda J. K. Rowling ta rubuta littattafai 7 a kansa, suka juya shi ya koma abin dariya. Suka ɗauki hoton wasan suka sa a YouTube, gunduwa-gunduwa, don a zamanin ba a yarda hoto ɗaya ya wuce minti 10 ba. Kafin su farga, mutanen ƙasashen da ba su taɓa takawa ba sun haddace waƙoƙinsu.

Abin da ya fara jan hankalina gare su shi ne yadda suka mai da rashin kuɗi dabara. A cikin littafin akwai wani mugun matsafi wanda fuskarsa ke manne a ƙeyar wani malamin makaranta, an rufe ta da rawani. Masu shirya fim sun yi wannan da na'ura da kuɗi mai yawa. Su kuwa yaran nan sai suka sa mutum biyu suka haɗa baya cikin riga ɗaya, suna tafe suna gardama a kan yadda za su kwanta barci. Kai, ranar da na ga wannan na yi dariya har da hawaye! Mu da muka yi makarantar mishan mun saba da ɗan wasan ƙarshen shekara, inda zanen gado kan zama alkyabba, kwali ya zama takobi, saboda haka nan da nan na gane irin wahalarsu da irin daɗin da su ke ji. Darren Criss, wanda ya fito a matsayin Harry, daga wannan ɗan ɗaki ya tashi har ya ci babbar lambar yabo ta wasannin talabijin, Emmy, a 2018.

Ba su tsaya nan ba. A 2013, a birnin Shikago, suka yi wani mai suna Twisted, wanda na tabbata zai ba malamanmu sha'awa, don labarin Aladdin ne mai fitila, amma daga bakin waziri. A nan waziri shi ne mutumin kirki mai son gyaran ƙasa, Aladdin kuwa ɓarawo ne mai daɗin baki. A 2018 kuma, a Los Anjalas, suka yi The Guy Who Didn't Like Musicals, watau mutumin da ba ya son wasan waƙa. Labarin wani ma'aikacin ofis ne mai suna Paul, wanda wani dutse ya faɗo garinsu daga sama da wata cuta, duk wanda ta kama sai ya shiga waƙa da rawa, shi kuwa ba abin da ya ƙi jini a duniya kamar wannan. Kowane akawu da ya ga yadda a ke gaisuwar dole a ofishin Paul zai ce an taɓa leƙa nasu ofishin. Sai dai in gargaɗi masu karatu, waɗansu wasanninsu akwai ashar da maganganun da ba su dace da kunnen yara ba, ya kamata babba ya fara dubawa tukuna.

Shekara da shekaru ina kallon waɗannan wasanni a wayata, ni kaɗai, da dare bayan an tashi daga aiki, ban taɓa biyan su ko anini ba. Ana nan sai aka aike ni Ingila kwas na 'yan watanni, ya zo daidai da zuwansu birnin Landan cikin watan Mayu na 2024, inda suka rera zaɓaɓɓun waƙoƙinsu a wani babban gidan wasa da a ke kira Palladium. An buɗe gidan nan tun 1910, yana ɗaukar mutum fiye da 2,000. Kuɗin shiga ya taɓa guzurina ƙwarai, wurin zamana kuma can sama ne kusa da rufi, amma na ce gani ya kori ji.

Abin da na tarar ya bambanta da abin da na saba. Tun a layin shiga na ga samari da 'yan mata, har da masu furfura, waɗansu sun yi shigar mutanen cikin wasannin, ba wanda ya san wani amma ana hira kamar 'yan gida ɗaya. Da aka fara, makaɗa ba su kan gama taɓa kiɗan farko na waƙa ba sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Ni da na ke tsammani a duniya ba mai damuwa da waɗannan waƙoƙi kamar ni, sai ga ni cikin dubban mutane kowa ya san inda za a tsaya da inda za a amsa.

Amma babban abin da na lura da shi ba yawan jama'a ba ne. Na ga ɗan wasa yana sauraronmu kamar yadda mu ke sauraronsa. In ya jefa magana aka fashe da dariya, sai ya dakata, ya bar ta ta kai iyakarta, tana fara sauka ya jefa ta biyu. In ya yi gaggawa dariya ta binne maganar, in ya yi jinkiri ta huce. Wannan awo ba a rubuce ya ke ba, mu ne ke ba shi a wannan dare, gobe kuma waɗansu su ba shi wani dabam. Nan na gane abin da ya sa su ke ɗaukar hoton wasanninsu a gaban 'yan kallo, ba a ɗakin da ba kowa ba. Ashe dariyar da na ke ji a wayata duk shekarun nan, wadda ke jan tawa, ta mutanen da suka tashi suka je suka zauna ce, ni aro na ke yi.

Akwai ma wasansu guda da ya nuna wannan a fili. The Trail to Oregon, wanda suka yi a 2014, labarin wani iyali ne mai mutum 5, uba da uwa da 'ya'ya biyu da kaka, da suka tashi cikin keken shanu a 1848 za su yammacin Amurka neman arziki. A kowane dare 'yan kallo ne ke raɗa wa mutanen nan biyar suna, 'yan wasa kuwa tilas su riƙe sunayen har a tashi, komi munin sunan. A wajen ƙarshe kuma 'yan kallo ke zaɓen wanda ciwon atuni zai kashe a cikinsu. Mai kallo a waya zai iya ganin yadda abin ya ƙare, amma sunayen da ya ke ji waɗansu ne suka raɗa, ba a shawarce shi ba.

Kada a ɗauka ina rena kallon waya. Ba don shi ba da ban san da su ba ko kaɗan, da kuma rabin maganarsu ta wuce ni, don Turancin Amurka da sauri ya ke fita, balle cikin waƙa. A waya na kan tsai da hoto in koma baya in karanta rubutun da ke ƙasa, kuma ina ganin fuskar ɗan wasa kusa, abin da ban samu ba daga saman Palladium. Wayar ce ta koya mini karatun, zuwa gidan wasa kuwa shi ne ranar da na ba da nawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wasan da a ke sa wa duniya kyauta ba kyauta a ke shirya shi ba. Akwai hayar gida, da ladan makaɗa, da tufafi, da masu ɗaukar hoto. Wasanni irin su Twisted da na Paul, masoya ne suka tara kuɗin shirya su tun kafin a fara, ta wani dandalin karo-karo mai suna Kickstarter, waɗansu kuma suka sayi tikiti. Da kowa ya yi irin zaman da na yi na shekaru, ya sha dariya ya kashe waya ya kwanta, da tuni ƙungiyar ta watse kowa ya kama wata sana'a.

To, jama'a, mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Tun kakanni muna da 'yan kama, masu ɗaukar muryar mawaƙi ko ta mai wa'azi su juya kome ya koma zancen tuwo da miya, abincinsu kuwa yana hannun waɗanda suka kewaye su a kasuwa ko gidan biki. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya shigar da irin wannan raha cikin fim da waƙa. Yau ga yaranmu nan suna ta shirya waƙoƙin ban dariya suna sawa a intanet, muna tura wa juna, muna yabo. Amma yabo ba ya sayen hatsi, kuma yaron da bai taɓa tsayawa gaban taro ba ba zai koyi awon nan da na faɗa ba, ko da mutum dubu nawa suka kalle shi a waya.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na fari ga 'yan'uwana akawuna da sauran masu albashi: in an yi shelar masu ba ka dariya a waya za su yi wasa a garinku, kuma wasan na mutunci ne, ka tashi ka je, ka biya kuɗin ƙofa ba tare da neman a shigar da kai don sanayya ba. Yaba kyauta tukuici. Na biyu ga malaman makaranta: ku bar yara su shirya wasansu na ƙarshen shekara, ku ba su ɗaki da 'yan kwanaki, ku gayyato iyaye su zauna su kalla. Waɗanda na ba ku labarinsu da abin da bai fi wannan ba suka fara.

Ina fata masu karatu da su ke da wani ra'ayi dabam za su rubuto mu ji.  Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu Mai Son Raha